Ɗana, Zana Aikin Gonar Mahaifinka Tun Yana Raye

Ɗana, kai da aka haifa a wani ƙauye tsakanin Minjibir da Gezawa, ko ta wajen Ɗambatta da Makoɗa da Kunchi, aka kuma sa ka boko har hannunka ya saba da alƙalami, zo mu yi wata magana. Gonar da ta ciyar da kai ba ta san hutu ba. Tun kafin a haifi kakanka ake shuka ta kowace damina, domin a wannan yanki babu filin da za a bari ya zama saura. Gida na kallon gida, gona na jingine da gona, abin da ya raba su layin gamba ne ko shingen lalle. Duk da haka ƙasar ba ta daina bayarwa ba. In na tambaye ka dalili za ka ce taki, kuma ka yi gaskiya. To in na ce ka bi mini takin nan daga inda ya faro har inda ya ƙare, wa ke ɗaukarsa, a wane wata, me ake dubawa kafin a ce wannan gonar za a zuba wa bana, a nan za ka fara in-ina.

Ilimin yana nan, amma a kan mahaifinka yake, shi kuwa da hannu ya saba nuna shi, ba da baki ba. A da hakan ya wadatar, tunda yaro yakan yi shekara da shekaru yana bin uba gandu. Yau gandu na watsewa. Da yawa daga sa'anninka suna Kantin Kwari ko Singa ko Legas, sai damina ta kama su leƙo, wasu ma sai dai su aiko da kuɗin ƙwadago. Ranar da dattijon ya kwanta dama, za a raba gonar, amma abin da ke kansa ba ya shiga rabo.

Saboda haka nemi takarda mai faɗi, ko bayan tsohuwar kalanda ne, da fensir da abin gogewa, ka zana aikin. Ba hoton gona nake nufi ba. Akwai wani zane da injiniyoyi da masu tsara manhajar kwamfuta da ma'aikatan lafiya suke yi don nuna yadda aiki ke tafiya daga mataki zuwa mataki, wato taswirar aiki. Alamominta ba su da yawa. Da'ira mai ɗan tsawo a mafari da ƙarshe. Akwati ga kowane aiki guda, a rubuta shi a ciki a taƙaice: kai taki, shuka, firi. Kibiya daga akwati zuwa wanda ke bi masa. Sai ta huɗu, wadda ta fi duka muhimmanci: akwatin da aka tsayar a kan kusurwarsa, a rubuta tambaya a ciki, kibiya biyu su fita daga gare shi, ɗaya ta "i", ɗaya ta "a'a". Wannan ita ce mararraba, kuma duk hikimar manomi a cikinta take. Akwatuna kowa zai iya jerawa.

Wanda ya fara fito da wannan dabara fili birkila ne. Frank Gilbreth, mutumin Amurka, ya zuba wa magina ido ya ga yawancin motsin da suke yi wajen ɗora bulo ɗaya ɓata ƙarfi ne, ya rage shi daga motsi 18 zuwa kusan 5. A 1921 shi da matarsa Lillian suka gabatar wa ƙungiyar injiniyoyin ƙasarsu hanyar zana matakan aiki a takarda. A 1947 Herman Goldstine da John von Neumann suka ɗauki irin wannan zane suna tsara wa kwamfutocin farko lissafi da shi. Iyakar tarihin da kake bukata ke nan.

Kada ma ka ɗauka wani baƙon tunani ne. Tun kana makarantar allo aka koya maka shi, ba a dai zana maka ba. Tuna ƙabli da ba'adi. Ka yi rafkanuwa a salla: ragi ka yi ko ƙari? In ragi ne, sujada kafin sallama. In ƙari ne, bayan sallama. In sun haɗu, ƙabli ya rinjaya. Mararraba ce tsaf da kibiyoyinta. Ko ka duba zakkar hatsi a mazhabar Malikiyya. Tambayar farko: abin da aka girba ya kai nisabi, wato wasƙi 5, sa'i 300? In bai kai ba, zancen ya ƙare a nan. In ya kai, sai tambaya ta biyu: ruwan sama ne ya shayar da shi ko kuwa da wahala aka ja ruwan? Na damina ɗaya cikin goma, na ban ruwa da inji ko jigo ɗaya cikin ashirin. Kafin duk wannan ma akwai wata mararrabar da mutane ke tsallakewa, wato me ake haɗawa da me wajen cika nisabi. Gero daban ake lissafa shi, dawa daban, amma dangin wake ana tara su wuri guda. Malaman fiƙihu sun daɗe da gane cewa in aka sauya jerin tambayoyi, amsa ma sai ta sauya. Fara da zana wannan don hannunka ya faɗa, ka kai wa limamin garinku ya duba maka.

Yanzu ga babban aikin, hanyar taki.

Fara daga kaka. An cire wake da gyaɗa, an naɗe harawa an ɗora a kan bishiya ko rufin soro inda akuya ba ta kai. An yanke kara an jingine. Akwati na gaba shi ne turke: tumaki da awakin gida, da jaki ko shanun huɗa in akwai, suna cin harawar da dusa da kowar wake. Daga turke kibiya ta tafi juji, inda kashin dabbobi ke haɗuwa da tokar murhu da sharar tsakar gida. Daga juji, cikin rani, mangala bayan mangala a bayan jaki ko a amalanke, zuwa gona, a jibge tsibi-tsibi har lokacin barbazawa. Daga nan shuka, gero da dawa a gaba, wake ya biyo baya a tsakaninsu, ya zauna a inuwa har a girbe gero ya samu rana ya yaɗu. Sai kaka kuma. Za ka ga kibiyarka ta ƙarshe ta koma kan akwatin farko. Ba kuskure ka yi ba, haka abin yake, zobe ne.

Wannan zoben ne ya jawo masana daga nesa. Michael Mortimore, Bature ɗan Ingila da ya koyar da labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello sannan a Bayero, ya fitar da rahoto kan ƙasa da mutanen wannan yanki tun 1965, ya kuma shafe shekaru yana ja da masu cewa yawan jama'a dole ya kashe ƙasa. A cikin shekarun 1990 wata ɗaliba mai bincike, Frances Harris, ta zauna da manoman Tumbau a ƙasar Gezawa tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Abin da ta tarar shi ne abin da ka zana yanzu: wake da gyaɗa suna jawo sinadarin ƙarfin ƙasa daga iska su tara, harawarsu ta shiga cikin dabba, dabba ta mayar wa gona. Har ƙurar hunturu da muke tsinewa tana sauke nata rabon a kan ƙasa. Kakanninka ba su karanta wannan ba, su suka gina shi.

Amma ba don ka yi alfahari na sa ka zana ba. Koma kan takardar ka nemo kibiyoyin da suke ficewa daga zoben ba su dawo ba. Buhun da aka kai Dawanau ya tafi da ƙarfin gonarku a cikinsa. Karan da aka yi danga da shi ko aka hura wuta, tokar kawai ke dawowa. Harawar da aka sayar wa masu kiwon birni saboda ta yi tsada a bazara ta tafi ke nan. Ragon da aka sayar don kuɗin makaranta ko na asibiti, ba nama kaɗai ya bar gidan ba, har da takin da zai yi. Sannan ka zana waɗanda ke shigowa daga waje: kamfa da yuriya in an samu kuɗinsu, ganyen gawo da ke zuba da damina lokacin da sauran itatuwa ke toho, garken Fulani in an yi sa'a sun kwana a gonar, da sharar birni, wadda jakuna suka daɗe suna fitowa da ita daga Kano bayan sun shigar da itace, ko da yake ta yau leda ta yi mata yawa. Jera masu fita a hannun hagu, masu shiga a hannun dama, ka tsaya ka dube su. Gidaje da yawa za su tarar hagu ta fi nauyi, kuma shekaru ke nan tana rinjaya ba wanda ya lura, sai dai a ce ƙasa ta gaji, ga wuta-wuta ta cika gona. Mai sayar da harawa yana ganin kuɗi a hannunsa ran nan. Asarar kuwa sai damina biyu ko uku ta wuce take bayyana, lokacin an manta da cinikin. A takarda nisan da ke tsakaninsu bai wuce kibiya uku ba, shi ya sa ido ke kama shi.

Ban ce kada a taɓa sayar da harawa ba, wanda ɗansa ke kwance ba ya jiran damina. Na ce a san farashinta na gaskiya, a kuma zana mararraba a wurin: in an sayar, da me za a maye gurbin takin? In ba amsa, to a bar wurin a buɗe a kan takardar, kowa ya gani. Tarihi ma ya taɓa gwada mana. Bayan farin 1973, cutar da darɓa ke yaɗawa ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta yi mata kaca-kaca a faɗin Arewa. Mutane suna tuna rushewar dalar gyaɗa da kuɗin da aka rasa, amma akwati ɗaya ne ya faɗi ya ja na bayansa, domin harawar gyaɗa ma ta tafi. Wake ne ya ɗauki nauyin a gonaki da yawa.

Shuka kuwa mararrabarta ta fi yawa. Ruwa ya sauka: na shuka ne ko na yaudara? Ka tambayi dattijon yadda yake ganewa, za ka ga ya tona ƙasa da hannu ya ga inda laima ta kai. Rubuta wannan gwajin daidai yadda ya yi shi, kada ka rubuta "in ruwa ya isa", domin wannan ba tambaya ba ce da ƙanenka zai iya amsawa in yana tsaye shi kaɗai a gona. In ruwa ya yi jinkiri, wata mararrabar: a jira ko a yi binne? Bayan shuka, wata kuma: ya tsiro ko ya ƙone? In ya ƙone, kibiya ta koma baya zuwa shuka. To duba da kyau, duk kibiyar da ta koma baya tana cin iri. Ke nan tun a kaka ya kamata a ce akwai akwatin da ke cewa a ware irin ko-ta-kwana. In babu shi a taswirarku, ka gano dalilin da ya sa ake zuwa kasuwa sayen iri a lokacin da ya fi tsada, kuma ba a san asalinsa ba.

Akwai wani zoben da ba na alheri ba, shi ma ka zana shi ko da zai yi ɗaci. Lokacin firi rumbu ya yi ƙasa. Mai gida ya tafi ƙwadago gonar wani don a samu na tuwo. Gonarsa ta jira, ciyawa ta rufe gero. Kaka ta zo da ɗan abin da bai kai ba, rumbu ya sake ƙarewa da wuri. In ka ga wannan a takarda, za ka gane cewa kuɗin da kake aikowa daga birni da salla ya fi amfani in ka riƙe shi ka aiko a makonnin firi.

In ka shiga ɗakin shan magani na ƙauyenku, ɗaga kai ka dubi bango. Akwai taswirar duba yara marasa lafiya da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsara tun tsakiyar shekarun 1990. Kafin a tambayi zazzaɓi ko tari, ana fara tambayar alamun haɗari: yaron ya kasa sha ko kama nono? Yana amayar da komai? Ya yi jijjiga? Ya galabaita ba ya cikin hayyacinsa? In amsar ɗaya ta zama i, a garzaya babban asibiti, sauran tambayoyi su jira. Ɗauki wannan darasin: tambayar da kuskurenta ya fi tsada ita ake sa wa a sama.

Ajiyar wake ta nuna haka sarai. Buhun nan mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, wanda ake kira PICS, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, ba magani ne ke kashe ƙwaron a cikinsa ba, rashin iska ne. Saboda haka tambayar da ke sama ita ce waken ya bushe ƙarau? In bai bushe ba, a mayar da shi rana. Ta biyu, ledar ba ta huje ba? A kama iska a ciki a matse a gani. Sai a zuba, a fitar da iskar da ta rage, a ɗaure kowane ruɓi daban, a ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Wanda ya tsallake ɗaya daga ciki sai ya ce buhun ba ya aiki, ya koma wa fiya-fiya. Wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, amma ni ba Turai ce damuwata ba, tukunyar gidanku ce.

Yadda za ka tattara bayanin yana bukatar ladabi. Kada ka tari mahaifinka da takarda kamar mai karɓar haraji. Bi shi gona, riƙe fartanya, yi tambaya ɗaya ka yi shiru. Da dare ka zana, in an kwana biyu ka karanta masa ka ce, "Baba, haka ne?" Zai ce a'a, ya gyara, kuma a cikin gyaran ne ainihin ilimin zai fito. Ka zana abin da ake yi, ba abin da malamin gona na KNARDA ya ce a yi ba, ba kuma abin da ka karanta a Kwalejin Noma ta Audu Bako da ke Ɗambatta ba. Waɗannan suna da amfani, amma a takarda ta biyu, ka ajiye ta gefen ta farko ka ga inda suka saɓa, sannan ka tambayi dalili. Sau da yawa dattijon yana da hujja. Wani lokaci kuma al'ada ce kawai da ta rasa dalilinta, sai a yi magana a hankali.

Kada ka manta cikin gida. Rabin zoben takin nan a hannun mata yake. Awakin da ke turke galibi na iyayenka mata ne, su ke ba su dusa, su ke sussuka da surfe, su ke matse man gyaɗa su yi ƙuli-ƙuli. Taswirar da ta tsaya a zaure gurguwa ce. Ke ma 'yata, in ke ce mai alƙalamin gidan, wannan nasihar taki ce, kuma kin fi yayanki samun shiga inda bayanin yake.

A ƙarƙashin kowane akwati rubuta sunan mai yin aikin. Wannan ɗan ƙarin ya fi amfani a ƙungiyar manoma, inda ake tara kuɗi a sayo taki. Ja layuka daga sama zuwa ƙasa, kowane mai muƙami da nasa layin, ka sa kowane akwati a layin mai shi. In ka ga karɓar kuɗi da rubuta lissafi da sayo kaya da rabo duk sun faɗa layin mutum ɗaya, ba sai ka zargi kowa ba. Ka kafa takardar a gaban taro, jama'a da kansu za su ce a raba aikin, kuma mutumin kirki shi zai fi kowa murna, domin an sauke masa zato. Akwatin da ka rasa sunan da za ka sa masa kuwa, shi ne aikin da kullum ake cewa ai na ɗauka wane ya yi.

Gilbreth ya yi imani cewa kowane aiki yana da hanya guda da ta fi kowace. A ɗora bulo wataƙila haka ne, a noma ban yarda ba. Jigawar Kunchi daban take da fadamar da ke ƙasan madatsar Watari a Bagwai, damina ma ba ta maimaita kanta. Shi ya sa na ce fensir, ba biro ba. Sa shekara a saman takardar. Baɗi in ruwa ya zo da wani hali, ko wata tsutsa ta ɓullo irin wadda ta shigo ƙasar nan a 2016 tana cinye masara, ka ƙara mararraba. Kuma kada ka cika takarda ɗaya da komai har ta zama ba ta karantuwa. Taki da takardarsa, shuka da tata, ajiya da tata.

Takarda ta ƙarshe ita ce wadda ba a son ambata, ta gonakin kansu. Malamai sun jera abin da ake yi da dukiyar mamaci daki-daki: a fara fitar da haƙƙin da ya rataya a kan wani abu takamaimai, kamar gonar da ke jingina, sai kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya daga sulusin abin da ya rage, sannan magada. Yawancin shari'un gona da ke kai 'yan uwa gaban alƙali ba a kan wannan jerin suke ba, a kan tambayar da ke gabansa ne: wannan gonar ta marigayi ce ko ba tasa ba? Saboda haka tun mahaifinka yana da ƙarfinsa ka zauna da shi ku bi gonakin ɗaya bayan ɗaya. Wannan gado ce ko saye? In saye ce, a hannun wa, su wane ne shaidu? In jingina ce, nawa aka bayar, wa zai fansa? In aro ce, ta wace ce? Gayaunar da ya ba yayanka, kyauta ce ko ta noma kawai? Ka rubuta amsa kamar yadda ta fito daga bakinsa, ka karanta masa a gaban mai unguwa da dattawa biyu, ka ɗauki hoton takardar da waya ka aika wa 'yan uwanka maza da mata, har da na birni.